Muhammad, Muhammadu ko Mohammed: daga ina rigimar ta taso?

Lokacin da aka ware wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo a Ibadan a 1916, ba wanda ke tambayar yadda za a rubuta sunan jariri. Ran suna da sassafe a taru a ƙofar gida, uba ya raɗa wa liman, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, a raba goro, a yanka rago, shi ke nan. In ma ta kai ga rubutu, da ajami ne, kuma Muhammadu ba shi da fuska biyu a can: mim, ha ƙarami, mim, dal. Wasalin "u" da muke ji a ƙarshe rufu'ar Larabci ce bakin Bahaushe ya riƙe, don harshenmu ba ya son kalma ta ƙare da baƙi. Haka aka samu Ahmadu, Usmanu, Aliyu da Haliru.

Boko ne ya zo da rarrabuwa. A Arewa, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, sannu a hankali aka tsara ƙa'idar rubuta Hausa, har aka samar da ɓ da ɗ da ƙ. Mu kuwa nan Kurmi wannan ƙa'ida ba ta iso mu da wuri ba. Iyayenmu fataken goro ne da dillalan shanu, boko bai dame su ba, yara allo ake kai su. To amma takardar haraji da ta lodin goro a tashar jirgin ƙasa dole wani ya cika, kuma mai cikawar akawu ne Bayarabe, ko wanda ya yi karatu a makarantar mishan. Abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta, kuma kunnen nan ya riga ya saba da nasu: Momodu, Buraimo, Sunmonu, Bakare. Ba mugunta ba ce, su ma Musulminsu haka suka lanƙwasa sunayen, kamar yadda muka mai da Muhammadu Mamman, Abubakar Garba. In akawun ya so ya nuna ya yi karatu, sai ya ɗauko na Turawa, Mohammed.

Da aka buɗe UPE a 1976 yaran unguwa suka fara shiga firamare da yawa, sai alƙalamin ya koma hannun malamar aji ɗaya. Uba ya kai yaro, a tambaye shi suna, ya faɗa, ya juya ya koma kasuwa. Bai duba rajista ba, ko ya duba ma ba zai gane ba. Yaro ya tashi Muhammadu a gida, Mohammed a makaranta, Muhammad a Islamiyya, wani wurin ma Moh'd. Manya ma ba su tsira ba: Janar Murtala kansa, za ka ga an sa masa Muhammed, za ka ga Mohammed.

Shekara da shekaru ba wanda ya cutu, domin mutum ne ke duba takarda, in ya ga fuskarka ya san kai ne. Yanzu kwamfuta ce. Tun da BVN ya shigo a 2014, aka kuma ɗaure layin waya da rajistar JAMB da lambar NIN, harafi ɗaya na iya tsai da yaro daga jarrabawa, ko ya hana magada taɓa kuɗin ubansu a banki. Sai zuwa kotu yin takardar rantsuwa, sai buga sanarwa a jarida, ga kuɗin mota, ga rumfa a rufe. Masu Rabi'u da Shu'aibu sun fi shan wuya, don wasu fom ɗin ba sa karɓar 'yar waƙafin nan ta sama, Ɗahiru kuwa ya daɗe da haƙura da lanƙwasarsa.

Ana yawan tambayarmu bayan sallar asuba, wai wanne ne daidai a addini? Sunan na Larabci ne, kuma yana nan yadda yake, haruffan boko aro ne. Muhammad ya fi kusa da lafazin Larabci, Muhammadu kuma shi muka gada, manyan mutane sun ɗauke shi har fadar shugaban ƙasa. Duk wanda uba ya zaɓa ba laifi. Wanda dai ba ma so shi ne gutsure sunan Manzon Allah (SAW) zuwa Moh'd don ƙyuyar rubutu.

Wani abin da ake mantawa shi ne sunan uba. In katinka na ɗauke da Ibrahim Mohammed, to ɗanka zai gaji Ibrahim ɗin nan harafi da harafi, ko da kai ka fi son Ibrahima. Shi ya sa muke roƙon mai jego da maigidanta, kafin ranar suna a ɗauko katin uba a duba, a rubuta sunan yaro a takarda da manyan baƙaƙe, boko da Larabci. Takardar nan ita za a miƙa wa liman, ita za a kai wa ma'aikacin hukumar ƙidaya mai ba da takardar haihuwa, kuma kada a baro teburinsa sai an sa wani ya karanta abin da ya rubuta.