Ruwan da Ya Tada Maraɗi Daga Kwari Zuwa Tudu

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zuwa cin kasuwar Maraɗi, ka ga garin a bisa tudu yake. Titunansa a miƙe suke kamar kunyoyin gona. Wataƙila kana tsammani haka kakanni suka kafa shi. A'a. Maraɗin da kake gani yau, ruwa ne ya kai ta wurin.

Bari mu ɗauko labarin daga tushe. A 1807 mayaƙan jihadi suka ci Katsina. Sarakunan Katsina na da suka fito, suka yi ta yawo, har bayan 'yan shekaru Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri, kamar kilomita 12 daga nan. Duka garuruwan biyu a cikin kwarin gulbi aka gina su. Kada ka ce mutanen da ba su da wayo. Zamanin yaƙi ne. Kwarin nan kurmi ne mai duhu, doki ba ya sukuwa a ciki. Ga ruwa kusa, rijiya ba zurfi. Ga fadama mai ba da dawa ko da damina ta yi gardama. Wanda mahaya ke nema, ina zai je ya fi nan?

Shi Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce kusa da Madarunfa, ya zo Jiratawa, ya bi yammacin Maraɗi, ya wuce Tibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Da rani sai rairayi, yaro ma yana ƙetare shi. Da damina kuwa wani abu ne dabam.

Fiye da shekara 100 ana zaune lafiya da shi. Wata shekara ya ci gona, wata shekara ya bari. Sai a daminar 1945 ya cika ya batse, ya shiga gari. Gidajen duk na ƙasa ne, ka kuwa san abin da ke tsakanin ginin ƙasa da ruwa mai kwana. Katanga ta jiƙa daga gindi, ta zauna. Rumbu ya zube da hatsinsa. Tibiri ma ba ta tsira ba. Lokacin nan Faransawa ke mulki. Aka yanke shawara a bar kwari, a hau tudu. Aka ja igiya, aka yanka filaye, aka fid da tituna. Mutanen Bagalam da 'Yan Daka da Mokoyo da Maraɗawa da Limanci suka hau da sunayen unguwanninsu. Tibiri ita ma aka sake mata wuri.

To, an tsere wa gulbi. Amma akwai ruwa na biyu wanda ba a tsere masa, shi ne wanda ke zubowa daga sama bisa kan garin kansa.

Da farko wannan bai dami kowa ba. Tudun jigawa ne, yashi yana shanye ruwa kamar yadda gari ke shanye shi a ƙwarya. Gidajen ba su da yawa. Ga kuma kududdufai inda aka haƙi ƙasar gini, ruwan unguwa yana taruwa a ciki. Amma gyaɗa ta kawo kuɗi, ciniki da Kano ya kawo mutane. Aka yi Sabon Gari, aka yi Sabon Kare, daga baya aka yanka Zariya da sauran sababbin unguwanni. A ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi kamar 44,000 ne. A 1988 sun kai 110,000. A 2012 sun wuce 267,000. Inda dā gonar gero ce, ya zama rufin kwano da daɓen siminti da hanya wadda ƙafa da mota suka taka ta yi tauri.

Wani abu kuma ya ruɗi mutane. Shekarun fari sun zo, na 1973 da na 1984. Ruwa ya yi ƙaranci shekaru da yawa a jere. Korama ta bushe, har yara suka girma ba su san hanyar ruwa ba ce. Wani ya sayi fili a ciki ya gina. Aka cike wasu kududdufai aka yi gidaje. Ruwa kuwa bai manta ba.

A nan ne aikin masu ilmin hanya da magudanar ruwa ya shigo, waɗanda ake kira injiniyoyi. Kai da ka iya lissafi yanzu, za ka iya bin sawunsu. Abin ba tsafi ba ne.

Ka ji ana cewa a rediyo an yi ruwa milimita 20 ko milimita 50. Ga ma'anarsa. In aka sami fili mai mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi, milimita 1 na ruwan sama a kansa lita 1 ke nan. To, ɗauki gida mai mita 20 a tsawo, mita 20 a faɗi. In aka yi ruwa milimita 50, lita 20,000 suka zuba cikin gidan nan. Tano, wato duro, yana cin lita 200. Ashe tano 100 ke nan, a gida ɗaya, a dare ɗaya. Wani ya nutse a ƙasa. Sauran ya bi indararo, ya bi tsakar gida, ya fita ta rariya zuwa titi. Can ya tarar da na maƙwabci.

Saboda haka, kafin injiniya ya zana kwalbati, ba ya fara duban hanya. Yana fara bin ƙasa da ƙafa da abin awo, ya ga daga ina da ina ruwa ke gangarowa zuwa wurin. Mu ce ya sami hekta 10, hekta ɗaya kuwa mita 100 ce a tsawo, mita 100 a faɗi. Mu ce kuma an yi ruwa milimita 60 cikin awa ɗaya. Lita miliyan 6 ke nan. In hekta 10 ɗin nan gonar jigawa ce, mu ce kashi 1 cikin 10 ne kawai zai gudana. Wannan bai kai tano ɗaya ba a kowace daƙiƙa. Amma in wurin ya zama unguwa, rabin ruwan na iya gudana. Yanzu tano 4 ne da ɗoriya ke isowa bakin kwalbati a kowace daƙiƙa. Ka ƙifta ido, tano 4. Ka sake ƙiftawa, wasu 4. Ruwan sama bai ƙaru ba, ƙasar ce ta daina sha. Shi ya sa za ka ga kwalbatin da ya yi shekaru yana aiki lafiya, ran nan ruwa ya hau kansa. Jama'a su ce an yi algus a aikin. Wani lokaci gaskiyarsu. Wani lokaci kuwa gonakin da ke sama da shi ne suka zama gari.

Wannan hanyar lissafi ba sabuwa ba ce. Wani mutumin ƙasar Ailan, Tomas Mulbani, shi ya bayyana ta a 1851, lokacin Maraɗi tana cikin ganuwarta a kwari. Wani ɗan ƙasarsu kuma, Robat Manin, ya fid da lissafin yawan ruwan da bututu ko lambatu ke iya ɗauka, a 1889. Har yanzu da su ɗalibai ke farawa.

A lissafin Manin akwai abin da zai ba ka mamaki. Ɗauki bututu mai faɗin baki santimita 50, da wani mai mita 1. Za ka ce na biyu ya ninka na farko sau 2. Ba haka ba ne. In gangararsu ɗaya ce, babban yana ɗaukar ruwan ƙaramin sau 6 da ɗoriya. Ka ga ke nan, wanda ya rage girman bututu kaɗan don ya rage kuɗi, ba kaɗan ya rage ba. Kuma wanda ya jera ƙanana 2 a maimakon babba ɗaya, ya cuci hanya.

Sai batun gangara, wanda a ƙasarmu ya fi kome wuya, saboda yashi. Ruwanmu ba ya tafiya shi kaɗai, da yashi yake tafiya. In lambatu ya kwanta sosai, ruwan ya yi sanyin gudu, yashi ya zauna, kafin damina 2 ya toshe. In kuma ya yi tsaye da yawa, ruwan ya fito da ƙarfi ya haƙe ƙasar da ke bakinsa. Yau rami, baɗi kwazazzabo, har ya ci gindin kwalbatin da kansa. Irin wannan zaizaya ita ce ciwon gefen tudun Maraɗi, inda ruwan gari ke sauka zuwa gulbi. Maganinta shi ne a shimfiɗa duwatsu a bakin mafita, ko a ɗaure su cikin ragar waya, don ruwan ya karya ƙarfinsa a kansu. Yashin nan ne kuma ya sa a garuruwanmu aka fi yin lambatu buɗaɗɗe, ko mai murfin da ake ɗagawa, maimakon bututun da ake binnewa. Buɗaɗɗe, mutum da shebur yana iya yashe shi. Amma buɗaɗɗen ne kuma ake zuba wa shara da leda. Ni a ganina, rabin ɓarnar da ake ɗora wa masu gini, a watan Mayu ake shuka ta, lokacin da ya kamata a yashe lambatu ba a yashe ba.

A hanyoyin karkara akwai wata dabara. Inda korama ke da faɗi kuma ba ta daɗewa da ruwa, ba a yin gada. Sai a zuba kankare a ƙasan koramar, hanya ta sauka ta bi ta kai. In ruwa ya zo, ya wuce ta bisa. Mota ta jira awa ɗaya ko biyu. Ya fi araha, kuma ba ya toshewa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a jira. Direba mai gaggawa ba ya ganin zurfin ruwan ja.

Saura tambaya mai nauyi. Don wane ruwa za a gina? Ruwan Maraɗi a shekara yana kai wa milimita 500, wata shekara ya fi, wata ya kasa. Amma kwalbati bai damu da na shekara ba, ya damu da na awa ɗaya. Injiniya yana duba littafin masu awon ruwan sama na shekaru da yawa. Ya nemi irin ruwan da akan samu kamar sau ɗaya a shekara 10, ya yi ƙaramin kwalbati daidai da shi. Babbar gada kuwa akan yi ta don ruwan shekara 50 ko 100. In aka ce kowane lambatu a yi shi don ruwan shekara 100, kuɗin unguwa ɗaya zai cinye na gari duka. Saboda haka tun ranar da aka zana shi an san akwai ruwan da zai fi ƙarfinsa.

Irinsa ya zo ran 30 ga Agusta 2024. Cikin awa ɗaya da rabi aka yi ruwa milimita 150 a Maraɗi, ya kusa sulusin na shekara. Koma ga gidan nan namu mai mita 20, tano 300 ke nan. A unguwar nan mai hekta 10, kusan tano 7 a kowace daƙiƙa. Gidaje suka faɗi. Hukuma ta ce mutum 15 sun rasu, Allah Ya jiƙansu. Shekara 79 bayan an bar kwari, ga ruwa ya iske mutane a tudu. Madatsar ruwan da aka gina a Jibiya ta rage wa gulbi ƙarfi, amma ba ta da iko da abin da ke zubowa daga sama. Titunan da aka yi wa gari lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015 sun taimaki inda suka bi, amma gari ya fi su saurin girma.

A dā, wanda ke son wannan ilmi sai ya bar gida. Wasu sun tafi Wagadugu, makarantar injiniyoyin karkara da aka buɗe a 1968. Wasu sun tafi ɗaya Zariyar, ta Nijeriya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Yanzu a Maraɗi akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, akwai kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, inda ake koyar da aikin gini da hanya. Ɗanka da ke firamare yau, in ya riƙe lissafi, yana iya kaiwa can.

Amma akwai abin da ba ya cikin littafinsu, yana wurinka. A ƙauyuka da yawa ba a taɓa kafa abin awon ruwa ba. In masu awon hanya suka zo garinku, a Jiratawa ne ko a ƙasar Tibiri, kada ka tsaya daga nesa kana kallon sandarsu mai zane. Ka matsa ka gaishe su. Ka kai su wurin tsohon da ya fi kowa shekaru. Ya nuna musu inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin tsamiya, da shekarar da aka yi haka, da hanyar da korama ke bi kafin fari. Injiniyan kirki zai ciro alƙalami ya rubuta, ya ɗora sandarsa a gindin tsamiyar ya auna.