Tarihin Motar Thomas Flyer da Darajarta Wajen Masu Tara Kayan Da

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A birnin Reno na jihar Nebada ta Amurka akwai gidan ajiye motocin tarihi, kuma daga cikin abin da jama'a suka fi tsayawa kallo a wurin akwai wata mota mai dusasshen fenti, jikinta duk tabo, an ɗaɗɗaura mata katako da tarkacen tafiya. Sunanta Thomas Flyer, ƙirar 1907. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihinta, sannan ta duba abin da ke sa irin waɗannan motoci daraja.

Kamfanin E. R. Thomas da ke garin Bafalo a jihar New York shi ya ƙera ta. Tana cikin jinsin buɗaɗɗun motocin doguwar tafiya na farkon ƙarni na 20, watau masu kujeru gaba da baya, ba rufin ƙarfe, ba gilashin taga. Injinta mai silinda 4 ne, da ƙarfin doki 60, kuma sarƙa ce ke juya ƙafafun baya, kamar dai ta keke. A wancan zamani sai attajirai ke iya sayenta, domin kuɗinta ya kai dala 4,000.

Ranar 12 ga Fabrairu, 1908, motoci 6 suka tashi daga dandalin Times da ke New York za su yi tsere zuwa Faris ta yamma, watau su ratsa Amurka da Asiya da Turai. Jaridun New York Times da Le Matin ne suka ɗauki nauyin gasar. Uku na Faransa ne, sai Protos ta Jamus, da Züst ta Italiya, da kuma Thomas mai wakiltar Amurka, wadda aka shigar ana saura kwanaki kaɗan a tashi. Tsakiyar hunturu ne, ga ƙanƙara, ga rashin hanya. A wasu wurare sai da suka hau kan layin dogo suna tsalle bisa katakonsa. Duk da haka Thomas ta isa San Faransisko cikin kwana 41.

Daga can aka ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Alaska kamar yadda aka tsara, amma dusar ƙanƙara ta hana wucewa, dole ta komo, ta bi ta Japan zuwa Biladibostok a Rasha. Mutumin da ya riƙe ragamar tafiyar daga nan shi ne George Schuster, makanikin kamfanin, wanda shi kaɗai daga cikin ayarin ya kasance tare da motar tun daga New York har ƙarshe. A taɓon Saiberiya ma sai da ya tsaya ya janyo abokiyar hamayyarsa Protos da ta kafe.

Protos ce ta fara shiga Faris ranar 26 ga Yuli, Thomas kuwa sai 30 ga watan, bayan kwana 169. Amma alƙalai sun ci Protos tarar kwana 15 saboda an ɗauke ta a jirgin ƙasa wani ɓangare na Amurka, suka kuma rage wa Thomas kwana 15 saboda zuwanta Alaska. Da haka ta yi nasara da ratar kwana 26. An ce a bakin birnin ɗan sanda ya tare ta saboda fitilarta ta fashe, sai wani mai keke ya ba da kekensa mai fitila aka ɗora a kanta, sannan ta wuce.

To, mai karatu zai zaci daga nan sai ɗaukaka. Ina! A 1912 kamfanin Thomas ya durƙushe, motar ta riƙa sauya hannu, ta lalace har wasu suka fara shakkar ko ita ce. A 1964 wani attajiri mai tara motoci, William Harrah, ya saye ta. Sai ya gayyato Schuster, lokacin yana da shekara 91, ya zo Reno ya duba. Da farko tsohon ya ƙi yarda. Sai da aka kwance ta, ya ga tsagewar ƙarfen da ke ɗauke da gangar jikinta da irin gyaran da ya yi da hannunsa a kan hanya, sannan ya shaida cewa ita ce. Gani ya kori ji. Harrah ya sa aka mayar da ita yadda ta shiga Faris, da tabonta da ƙurarta, maimakon yadda ta fito daga masana'anta.

A nan ne batun daraja ya fito. Masu tara kayan da suna duba abubuwa uku: ƙarancin irin motar, da yawan sassanta na asali, da kuma tabbataccen tarihin hannuwan da ta bi. Na ukun ya fi nauyi. Alal misali, a 2024 an yi gwanjon wata Mercedes-Simplex ƙirar 1903 a Amurka kan dala miliyan 12.1. Babban abin da ya ɗaga ta shi ne ta shekara 121 a gida ɗaya, gidan Alfred Harmsworth wanda ya kafa jaridar Daily Mail ta Ingila. Ita kuwa Thomas Flyer tana gidan tarihi, ba ta kasuwa. Amma da Schuster, wanda ya rasu a 1972, bai kai 1964 ba, da har yau ana gardama a kanta.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa marubuta, wannan labari ya shafe mu. Nawa ne daga cikinmu suka ajiye rubutun hannu na littafinsu na farko, da kankare-kankaren da ke ciki? Dattawa nawa ne a unguwanninmu da suka tuƙa manyan motoci zamanin dalar gyaɗa, waɗanda ba wanda ya zauna ya ɗauki bayaninsu? Harrah ya nemi shaidarsa tun tana numfashi. Mu ma ya kamata mu ɗauki alƙalami mu je zaure tun da sauran masu ba da labarin.