Harajin Samu Ko Harajin Saye: Gardamar Shekara Ɗari A Amurka

Babu gwamnatin da take tafiya ba tare da haraji ba. Abin da ake jayayya a kansa shi ne wurin da za a tare mutum a karɓa, ko sa'ad da kuɗi suke shiga hannunsa, ko sa'ad da suke fita. Na farkon shi ne harajin samu, watau wanda ake yanka a kan albashi da riba. Na biyun kuwa harajin saye ne, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kaya a kanti. A ƙasar Amurka an fi shekara ɗari ana ta da maganar a soke harajin samu a sa harajin saye na ƙasa duka a madadinsa. Sau da yawa maganar ta kai majalisa, amma ba ta taɓa zama doka ba. Kowane karo a wuri ɗaya take cijewa, watau a kan tambayar wanda zai ɗauki nauyin.

Kafin 1913 gwamnatin tarayyar Amurka ta dogara ne ga kuɗin fito na kayan da ake shigowa da su daga waje, da harajin giya da taba. Waɗannan duka haraji ne a kan kaya, mai saye shi ne yake biya ko da bai sani ba. Manoman kudu da na yamma su ne suka fi jin jiki. Suna sayar da auduga da alkama a farashin kasuwar duniya, sa'an nan su sayi tufafi da kayan ƙarfe da tsada, gama kuɗin fito ya kāre masu masana'antu na arewa maso gabas daga gasar baƙi. An ɗan ɗanɗana harajin samu a lokacin yaƙin basasa. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta yanka kashi 3 cikin 100 a kan samun da ya wuce dala 600 a shekara, da kashi 5 ga wanda samunsa ya wuce dala 10,000. Da yaƙi ya ƙare sai aka bar dokar ta mutu a 1872.

Manoma ba su daina kuka ba. A 1894 majalisa ta rage kuɗin fito, ta kuma sa harajin kashi 2 cikin 100 a kan samun da ya wuce dala 4,000. Shekara ɗaya tak ya yi. A 1895 Kotun Ƙoli ta rushe shi, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, bisa hujjar cewa tsarin mulki ya ce irin wannan haraji sai an raba shi tsakanin jihohi gwargwadon yawan mutanensu. Sai da aka gyara tsarin mulkin kansa. Gyara na 16 ya tabbata a watan Fabrairu 1913, a wannan shekara kuma aka kafa harajin samu na dindindin. Ya fara daga kashi 1 a kan abin da ya wuce dala 3,000, ya tsaya a kashi 7 a kan abin da ya wuce dala 500,000. A cikin mutum ɗari, waɗanda ya shafa ba su kai biyu ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne tushen dukan abin da ya biyo baya: an kawo harajin samu ne don a sauke wa talaka nauyin harajin kaya, a ɗora wani sashi a kan mawadata.

Yaƙin Duniya na Farko ya cinye kuɗi ƙwarai, har a 1918 mafi girman yankan ya kai kashi 77 cikin 100. Da aka sami salama sai manyan 'yan kasuwa suka fara neman sauƙi. A 1921 Reed Smoot, ɗan Majalisar Dattawa daga jihar Utah, ya kawo shawarar harajin saye na ƙasa domin a rage harajin riba da na samu. Ƙungiyoyin manoma da na ma'aikata suka tashi tsaye, suka ce wannan komawa gidan jiya ne. Shawarar ta faɗi.

Karo na biyu ya fi kusa da nasara. Bayan karayar tattalin arziki ta 1929, samun mutane ya zube, baitulmali ma ya zube tare da shi. A farkon 1932 gwamnatin Shugaba Herbert Hoover da shugabannin jam'iyyu biyu na Majalisar Wakilai suka shirya harajin kashi 2.25 cikin 100 a kan kayan da masana'antu suke sayarwa. Kakakin majalisa John Nance Garner ya yarda, mai jaridu William Randolph Hearst kuma ya daɗe yana yi wa irin wannan haraji talla. Amma ƙananan wakilai suka yi wa manyansu tawaye. Fiorello La Guardia na birnin New York da Robert Doughton na Karolina ta Arewa, ko da yake jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce, suka haɗa kai, suka ce ba za a sa haraji a kan takalmi da rigar wanda ya rasa aiki ba. A watan Maris 1932 aka cire harajin daga cikin dokar. Maimakonsa aka ɗaga mafi girman yankan harajin samu daga kashi 25 zuwa kashi 63.

Abin da gwamnatin tarayya ta ƙi, jihohi suka ɗauka. Misisipi ta kafa harajin saye na kashi 2 a 1932, waɗansu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har jihohi 45 cikin 50 suka shiga. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an sāke ta da maganar a Washinton, Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙi. Sai aka faɗaɗa harajin samu ya sauko kan ma'aikaci. Masu biyansa sun tashi daga wajen miliyan 4 a 1939 zuwa fiye da miliyan 40 a 1945. Daga 1943 kuma aka fara cire shi daga albashi tun kafin ya isa hannun mai shi. Harajin da aka kafa domin attajirai ya zama na kowa da kowa, dokokinsa suka yi ta yawa, cika takardunsa ya zama wahalar shekara shekara.

Wannan gajiya ita ce ta sāke rayar da tsohuwar magana. A 1999 John Linder, wakili daga jihar Jojiya, ya gabatar da shirin da aka sa wa suna FairTax, watau haraji mai adalci. Shirin ya ce a soke harajin samu, da kuɗin da ake cirewa daga albashi domin fansho da lafiyar tsofaffi, da harajin gādo, a rufe hukumar haraji ta tarayya, a sa haraji guda na kashi 23 a kan sababbin kaya da ayyuka. Masu goyon bayansa suna da hujjoji masu nauyi. Sun ce ma'aikaci zai karɓi albashinsa cif, mai tanadi ba za a hukunta shi saboda tanadinsa ba, wanda yake ɓoye samunsa ma dole ya biya sa'ad da ya shiga kanti. Mike Huckabee ya yi yaƙin neman shugabanci da shi a 2008, an kuma sāke gabatar da shi a 2023, amma bai kai ga ƙuri'ar majalisa ba.

Matsala ta fari lissafi ce. In kaya na dala 100 ne, aka ƙara 30, mai saye zai biya 130. Talatin cikin 130 kashi 23 ne, amma ga wanda yake tsaye a kanti ƙarin kashi 30 ne. A 2005 kwamitin da Shugaba George W. Bush ya naɗa don gyaran haraji ya ƙi shawarar harajin saye na ƙasa. Ya ƙiyasta cewa maye gurbin harajin samu kaɗai zai bukaci ƙarin aƙalla kashi 34, ya kuma yi gargaɗi cewa haraji mai nauyi haka, wanda ake karɓa a wuri ɗaya, yana jawo cinikin bayan fage.

Matsala ta biyu ita ce ta manoman dā. Mai ƙaramin samu yakan kashe dukan abin da ya samu, saboda haka dukan kuɗinsa za su bi ta ƙofar haraji. Attajiri kuwa kaɗan yake kashewa cikin nasa, sauran ya ajiye ko ya juya. Masu shirin sun amsa da cewa gwamnati za ta riƙa aika wa kowane gida kuɗi duk wata, daidai harajin abin masarufi. Wannan zai kāre matalauta, amma kwamitin 2005 ya ga cewa nauyin da aka sauke wa na sama zai faɗa a kan masu matsakaicin hali.

Sauran ƙasashen duniya sun bi wata hanya. A 1954 Faransa ta kafa harajin da ake kira TVA ko VAT, bisa shawarar jami'in haraji Maurice Lauré. Ana karɓarsa kaɗan kaɗan a kowane mataki, daga masana'anta zuwa dillali zuwa mai kanti, don haka gudunsa ya fi wuya. Ƙasashe fiye da 160 sun ɗauke shi, amma kusan dukansu sun ajiye shi ne a gefen harajin samu, ba su soke ɗaya domin ɗaya ba. Ko da haka tsohuwar tambayar ta biyo shi. Gana ta kafa shi a kashi 17.5 a 1995, zanga-zanga ta sa aka janye shi cikin 'yan watanni, sai a 1998 ya dawo a kashi 10. A Nijar, sa'ad da aka ɗora TVA na kashi 19 a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da lantarki a 2005, mutanen Yamai da sauran manyan garuruwa suka rufe kasuwanni, har gwamnati ta janye shi daga yawancinsu.

Harajin samu yana da wuyar lissafi, yana da ƙofofin zamba, masu kuka da shi ba ƙarya suke yi ba. Amma kuɗin da gwamnati take kashewa ba ya raguwa don an sāke sunan haraji. Abin da aka sauke wa wani, wani ne zai ɗauka. A 1921 da 1932 da 2005 an nemi masu shawarar su nuna wanda zai ɗauka, amsar da ta fito kuwa ba ta gamsar da masu yanke shawara ba.