Jean Racine, marayan da ya juya wa malamansa baya sannan ya roƙi a binne shi kusa da su

Yau tarihinmu zai kai mu Faransa ta ƙarni na 17, wajen Jean Racine, gwanin rubuta wasan kwaikwayo na ban tausayi, irin wanda ke ƙarewa da mutuwa ko rabuwa.

An haife shi a watan Disamba 1639 a garin La Ferté-Milon. Kafin ya cika shekara huɗu uwa da uba duk sun rasu. Kakanninsa suka riƙe shi, daga baya aka kai shi makarantar Port-Royal, cibiyar wasu Kiristoci masu tsananin gudun duniya. A can ya ƙware a Girkanci da Latin. Malaman nan kuwa suna ganin wasan kwaikwayo hanya ce ta ɓata tarbiyya, sai ga shi yaron da suka raina ya faɗa cikinsa tsundum.

A 1664 ƙungiyar Molière ta nuna wasansa na farko. Shekara na zagayowa ya ɗauke wasansa na biyu ya kai wa abokan hamayyar Molière, alhali Molière na cikin nuna shi. A 1666 tsohon malaminsa Pierre Nicole ya kwatanta marubutan wasa da masu zuba wa jama'a guba. Racine ya mayar da martani da wasiƙa mai cike da ba'a ga mutanen da suka koyar da shi. Gaskiya a nan bai kyauta ba.

Amma dai ya iya aikinsa. Andromaque ta fito a 1667, Britannicus a 1669, sai Bajazet a 1672, wadda labarinta ya faru a fadar Daular Usmaniyya a Istanbul. Wadda ta fi shahara ita ce Phèdre ta 1677. Matar sarki ce ta kamu da son ɗan mijinta, ta san abin kunya ne, ta kasa danne zuciyarta. Aka yi wa saurayin ƙazafi, ubansa ya tsine masa ya mutu, ita kuma ta sha guba. Mutum ya san daidai amma zuciya ta fi ƙarfinsa: ai wannan karatun Port-Royal ne. Ashe bai taɓa rabuwa da malaman nasa ba.

A wannan shekara ya yi aure, ya shirya da su, Sarki Louis na 14 ya naɗa shi marubucin tarihin fada tare da Boileau. Shekara 12 bai sake rubuta wasa ba, sai Esther a 1689 da Athalie a 1691, duka daga labaran Littafi Mai Tsarki, domin 'yan matan makarantar Saint-Cyr.

Ya rasu ranar 21 ga Afrilu 1699, bayan ya bar wasiyya a binne shi a Port-Royal, wajen ƙafafun kabarin malaminsa Jean Hamon. An cika masa. Sai dai sarkin da ya yi wa hidima shi ne ya sa aka rushe Port-Royal, kuma a 1711 aka tono ƙasusuwansa aka mayar da su wata majami'a a Paris.