Kayan Tarihin Nok: Daga Ramin Kuza Zuwa Kasuwar Turai

Dukanmu mun haddace sunan Nok a darasin tarihi domin cin jarrabawa. Abin da nake so in tunatar da mu shi ne yadda aka gano waɗannan kaya, da yadda ake gane su, da kuma yadda suka zama hajar ciniki.

Nok ƙauye ne a kudancin Jihar Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza a yankin suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, aka kai wa wani Bature mai suna Dent Young. A 1943 aka sake tono wani kai kusa da Jema'a, wanda har sai da aka kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanci ilmin tone-tonen tarihi. Shi ne ya lura cewa kayan nan ƙirar al'umma ɗaya ce, ya raɗa mata sunan Nok. Da ƙoƙarinsa aka buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952, inda na fara ganin su da idona.

To, yaya ake gane na ainihi? Idanun suna da siffa mai kusurwa uku, an huda ƙwayar ido, haka nan hanci da kunne da baki. Cikinsu holoƙo ne, domin an gina su ne kamar yadda ake gina tukunya, yumɓun kuma yana da tsakuwa-tsakuwa. Akwai kuma gwajin da ake yi a ɗakin bincike, wanda ke nuna tsawon lokacin da yumɓu ya yi da barin wuta. Sai dai in maharbi ya koyi harbi, tsuntsu ma ya koyi tashi: masu jabu sukan harhaɗa tsofaffin gutsattsari da sabon yumɓu, yadda in an ɗebi samfur daga tsohon ɓangaren sai gwaji ya ce kayan tsoho ne. Shi ya sa ake haɗawa da hoton da ke nuna cikin abu.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a shekarar 1972, sa'an nan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi ko fitar da su ba tare da izini ba. Duk da haka, a shekarun 1990 aka yi rububin tono, manoma suka bar garma suka ɗauki diga. Dillali ya saya da araha a bakin rami, kaya su ƙetare iyaka, su ɓulla a Brussels ko Paris da tsadar gaske. Haka ya faru ga kayan Katsina da Sakkwato, da na Bura a Jamhuriyar Nijar. A 2000, gidan tarihi na Louvre ya baje wasu kayan Nok da gwamnatin Faransa ta saya, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Wani zai ce, ai gumaka ne, ina ruwanmu? Ni a ganina asarar ta wuce ta mutum-mutumi. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da takwarorinsu na gida, suka yi shekaru suna tono a tsanake. Daga gawayi da ƙwayoyin hatsi da ke kwance tare da kayan suka gano cewa al'ummar Nok ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna noman gero da wake, har da alamar zuma a tukwanensu. A Taruga, kusa da Abuja, an riga an sami matoyar ƙarfensu. Mai tonon sata yakan ɗauke kai ya watsar da gawayin, da haka labarin ya tafi har abada. Masanan sun kuma tarar kusan duk kayan a farfashe suke a ƙasa, saboda haka wanda aka kawo maka shi cif-cif ba tsaga, sai ka yi hattara.

'Yan uwa, a cikinmu akwai jami'an kwastan, da hakimai, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa. Wanda aka tono irin wannan a gonarsa ko a ƙasarsa, ya bar shi inda yake, ya sanar da gidan tarihi mafi kusa. Ina kuma ba ƙungiyarmu shawara ta riƙa ɗaukar nauyin kai ƙannenmu ɗalibai Jos ko Kaduna kowace shekara, su ga abin da magabata suka ƙera. Gani ya kori ji.