Daga Fadar Muri Zuwa BVAS: Ina Ake Yanke Hukuncin Zaɓe a Jalingo?

Wanda ya duba jerin mazaɓun ƙaramar hukumar Jalingo zai ga sarauta ce jere: Sarkin Dawaki, Barade, Majidaɗi, Turaki, Sintali. Taswirar da hukumar zaɓe take aiki da ita yau an shimfiɗa ta ne a kan tsohon tsarin masarautar Muri, wadda Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, ya kafa a 1817. Garin kansa sansanin yaƙi ne da Sarki Muhammadu Nya ya kafa a 1893, a zamanin da ya yaƙi Jukunawan Kona da taimakon Bafaranshe Louis Mizon. A wancan tsari talaka yana da hanyar kai kuka, daga mai unguwa zuwa hakimi har fada, amma ba a tambayarsa wa zai mulke shi. Wannan magana ce ta 'yan majalisa ƙalilan a cikin zaure. Dimokuraɗiyya ta zo da alkawarin fitar da maganar waje. Abin da tarihin Taraba ya nuna shi ne an cika rabin alkawarin, kuma na'urorin da ake ta yabo yanzu suna gadin rabin da aka riga aka cika ne.

Rabin farkon ba ƙaramin abu ba ne. A zaɓen tarayya na 1959 maza kaɗai suka kaɗa ƙuri'a a Arewa. A shekarar ce aka haifi Aisha Jummai Alhassan, 'yar Jalingo, wadda a 2011 ta kayar da Jolly Nyame, mutumin da ya yi gwamna daga 1992 zuwa 1993 ya sake yi daga 1999 zuwa 2007, ta ɗauki kujerar sanatan Taraba ta Arewa. Shi Nyamen kuma kotu ta ɗaure shi a 2018 kan kuɗin jihar, ko da yake afuwar shugaban ƙasa ta fito da shi a 2022, abin da ya rage wa hukuncin kwarjini. A kwatanta wannan da 1986, lokacin da gwamnan soja na tsohuwar jihar Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur ba tare da ya nemi jin ta bakin mutanen Jalingo ba. Masu kewar mulkin soja su tuna da wannan.

Sai dai a duba inda aka yanke manyan hukunce-hukuncen jihar, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991. A farkon Oktoba 2012 majalisar dokoki ta tsige mataimakin gwamna Sani Abubakar Danladi. Makonni uku bayan haka jirgin da Gwamna Danbaba Suntai yake tuƙawa ya faɗi kusa da Yola, sai ragamar jihar ta koma hannun Garba Umar, wanda naɗa shi aka yi, sunansa bai taɓa hawa takardar ƙuri'ar gwamna ba. Ya riƙe muƙaddashi shekara biyu kafin Kotun Ƙoli ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba, ta mayar da Danladi a Nuwamba 2014. Zaɓen 2015 ya fi wannan bayyana lamarin. An kaɗa ƙuri'a a Afrilu, aka ce bai kammalu ba, aka sake a wasu rumfuna, aka bai wa Darius Ishaku na PDP. A Nuwamba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta karɓe ta miƙa wa Aisha Alhassan, wato Mama Taraba, ta APC, a kan hujjar cewa PDP ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, tunda a Abuja aka yi shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta warware wannan a ƙarshen Disamba, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Ishaku a Fabrairu 2016, bisa cewa wanda ba ɗan jam'iyya ba ba shi da hurumin ƙalubalantar fid da gwaninta. Ko wane ɓangare mutum yake, abu guda ya fito fili: rigimar ta ta'allaƙa ne a kan yadda suna ya hau takardar ƙuri'a, kuma mai zaɓe a Sarkin Dawaki ba ya wurin.

Za a ce ai fasaha ta rage maguɗi, kuma gaskiya ne. Na'urar karanta kati ta 2015, da BVAS mai duba yatsa da fuska, sun sa aringizon ƙuri'a ya yi wuya, domin dole adadin ƙuri'u ya dace da adadin waɗanda aka tantance. Shafin IReV, wanda aka fara gwadawa a 2020, ya ba kowa damar ganin hoton takardar sakamakon rumfarsa. Wayar hannu ma ta yi rana: a Afrilu 2023, da kwamishinan zaɓe na Adamawa, Hudu Yunusa-Ari, ya ayyana Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna tun ba a gama tattara sakamako ba, bidiyon ya karaɗe ƙasar nan da nan, hedikwatar INEC ta soke sanarwar. Amma a shekarar ce sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa IReV a kan lokaci, kuma a Oktoba Kotun Ƙoli ta ce dokar da aka yi zaɓen da ita ba ta mai da shafin ma'aunin tattara sakamako ba. Na'ura kuma ba ta san abin da ya shiga aljihun mai zaɓe kafin ya shiga layi ba. Da satar akwati ta daina biya, sai kuɗin ya koma sayen ƙuri'a da sayen daliget. An toshe rami ɗaya, ɓera ya haƙa wani.

Wasu kuma suna ganin maganin shi ne a ƙara fasahar: a yi rajistar 'yan jam'iyya a intanet, kowa ya zaɓi ɗan takara kai tsaye. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin sayen dubban mutane ya fi sayen daliget ɗari tsada. To amma wa zai riƙe rajistar? Idan shugabannin jam'iyya ne, wanda suka ga dama shi zai shiga. Tsarin ƙato bayan ƙato na 1993 ba shi da kwamfuta ko ɗaya, aka yaba da shi, aka kuma soke sakamakonsa da sanarwa guda. A 2021 majalisar tarayya ta so ta wajabta fid da gwani kai tsaye, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu, Dokar Zaɓe ta 2022 ta fito da zaɓi uku, har da sasanci. Siyasa ce ta hana, ba rashin kayan aiki ba.

Kujerar da ta fi kusa da mutumin Sarkin Dawaki ita ce ta kansila, mai maganar magudanar ruwa da asibitin unguwa da makarantar firamare. Wannan zaɓen ba INEC ce take shirya shi ba. Hukumar zaɓen jiha ce, wadda gwamna yake naɗa mambobinta, kuma a yawancin jihohin Nijeriya jam'iyyar gwamna takan share kujerun kaf. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta haramta wa gwamnoni mulkin ƙananan hukumomi da kantomomi, ta ce a biya su kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin bai taɓa wanda yake naɗa masu ƙirga ƙuri'ar ba.