Asalin Jiyyar Gida-Gida a Birnin Libaful

Masu nazarin tarihin kiwon lafiya sun fi mai da hankali ga likitoci da manyan asibitoci. Amma akwai wani reshe na aikin wanda ba a cika ambatonsa ba, watau bin matalauta marasa lafiya har ɗakunansu a yi jiyyarsu a can. A Ingila wannan tsari ya samo asali ne a birnin Libaful cikin 1859. Abin da za mu nuna a nan shi ne, bai yi ƙarko ba sai da aka raba shi da sadaka, aka mai da shi sana'a mai horo da ƙa'ida.

Libaful babbar tashar jiragen ruwa ce, kuma a tsakiyar ƙarni na 19 talakawanta suna zaune ne a cunkushe cikin lunguna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, inda babu iska, babu ruwa mai tsabta. Da yunwa ta faɗa wa ƙasar Ayaland, mutanenta suka yi ta kwararowa birnin, musamman cikin 1847, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya yi ta kashe su. A shekarar nan ce aka naɗa Likita William Duncan jami'in lafiya na birnin, shi ne na fari da ya riƙe irin wannan muƙami a Ingila. Duk da haka, tsohon da ya kwanta da matar da ta haihu a lungu ba su da mai duba su.

Cikin 1859 matar wani attajiri mai suna William Rathbone ta rasu. Wata mai jiyya, Mary Robinson, ita ce ta kula da ita a gida. Ganin sauƙin da hannun gwani ya kawo wa matarsa, sai ya ɗauki Mary aikin wata uku, ya tura ta wata unguwar matalauta. Bayan wata guda ta nemi ya sallame ta, domin wahalar da ta gani ta fi ƙarfinta. Ya lallashe ta ta cika wa'adi, da ta cika kuwa, ta zaɓi ta zauna kan aikin.

Da Rathbone ya so faɗaɗa aikin, sai ya tarar babu horarrun masu jiyya. Ya nemi shawarar Florence Nightingale, ta ce a horar da su a Libaful ɗin. Saboda haka ya gina makaranta da masaukin masu jiyya a jikin babban asibitin birnin da kuɗin aljihunsa. Kafin 1865 ta ƙare an kasa birnin gunduma 18, kowace da mai jiyyarta, da kuma wata mace mai hali wadda ke sa ido, tana samar da magani da abincin majiyyata.

To, a nan ne gardama ta taso. Muddin mai jiyya ce ke raba abinci da barguna, mutanen unguwa za su ɗauke ta mai rabon sadaka, lokacinta ya ƙare wajen rabo, miki kuwa ya kwana ba a wanke ba. Ra'ayin Nightingale shi ne, aikin mai jiyya ta yi jiyya, ta share ɗaki, ta buɗe taga, ta koya wa iyalin gida yadda za su riƙe majiyyaci bayan ta fita. Taimakon kuɗi da abinci kuwa, sai ta sanar da waɗanda alhakinsa ke wuyansu. Wannan ƙa'ida ce Florence Lees ta bi sa'ad da ta shugabanci masu jiyyar gunduma a Landan tun daga 1875, inda aka nace sai an ɗauki mata masu ilmi, an horar da su a asibiti tukuna.

Cikin 1887, lokacin bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 50 bisa gadon sarauta, matan ƙasar suka tara mata gudummawa, aka ware fam 70,000 daga ciki domin kafa cibiyar horar da masu jiyyar gunduma, wadda ta sami takardar izinin sarauta cikin 1889. Ita ce ta daidaita horo, ta kuma riƙa aika masu duba aiki har ƙauyuka. Daga 1948, da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da jiyyar gida kyauta.

Watau shekara 89 ke nan tsakanin ranar da attajiri guda ya ɗauki mai jiyya guda da ranar da abin ya zama haƙƙin kowane ɗan ƙasa. Tausayi ne ya fara aikin, amma da ya tsaya ga tausayin masu hali kaɗai, da ya mutu tare da su. Makaranta da rabon gunduma da duba aiki su ne suka sa ya kai ga talakan da bai taɓa jin sunan Rathbone ba.